Koyon Kaɗa Jita ta Hanyar Bin Waƙa



Mas'alar da aka nemi in yi magana a kanta yau, mai hange daga nesa zai ɗauke ta ƙarama, wato yadda saurayi ko budurwa kan zauna da jita a cinya, a kunna waƙar wani gwani a faifai ko kaset ko wayar hannu, a yi ta binta da yatsu har hannu ya faɗa. Amma ni a wurina babba ce, domin da yawa daga makaɗan jita da suka yi suna a wannan nahiya tamu, da ma waɗansu na ƙetare, ba su taɓa zama gaban malamin da zai rubuta musu sauti a allo ba, ta wannan hanya suka iya. Ina sane da cewa malamanmu sun daɗe da saɓani a kan hukuncin kayan kiɗa masu tsirkiya, mafi yawansu sun hana, waɗansu kuma irin su Ibn Hazm na Andalus sun sauƙaƙa. Wannan fage ne na ma'abota fiƙihu, na bar musu shi cikin ladabi, ni kuwa zan tsaya a kan sana'ar da yadda take shiga jikin mai nemanta.

Ibn Khaldun, a cikin Muƙaddimar da ya rubuta a shekarar 1377, ya yi bayani mai gamsarwa a kan wannan batu. A fahimtarsa sana'a malaka ce, hali ne tabbatacce wanda ke samuwa ta hanyar maimaita aiki har siffarsa ta kafu a jiki, kuma abin da mutum ya ɗauka ta gani da ido da taɓawa da hannu ya fi cika a kan abin da ya ɗauka ta labari, sa'an nan ƙwarewar almajiri tana bin ƙwarewar wanda ya koya masa. To, idan haka ne, wane ne malamin yaron da ya tashi a Abalak ko Arlit ko wata unguwa ta Kano, ya ƙallafa ransa a kan jita? Kiɗanmu na gargajiya bai taɓa samun wannan matsala ba, domin garaya da gurmi da kalangu suna da gidajensu na gado: yaro yana bin mahaifinsa ko ubangidansa gidan biki, yana ɗaukar masa kaya, yana zaune a bayansa yana amshi shekara da shekaru, kiɗan yana shiga kunnensa tun kafin a yarda ya ɗora hannu a kai. Jita kuwa baƙuwa ce, ta iso ƙasashen nan ba ta da gidan gado, saboda haka sai faifai da kaset suka zauna a mazaunin uban, yaron kuma ya zauna a bayansu.

Babu inda wannan ya fi bayyana kamar ƙasar Abzinawa. Farin da aka yi a 1973, da wanda ya biyo baya a 1984, sun kashe dabbobi, sun kora samari da yawa daga arewacin Mali da Nijar zuwa Aljeriya da Libiya neman abin sawa a baka, kuma a cikin wannan zaman baƙunci ne kiɗan jitar Hamada ya tsiro. Ibrahim Ag Alhabib, wanda ya kafa ƙungiyar Tinariwen tare da abokansa a Tamanrasat wajen ƙarshen shekarun 1970, jitarsa ta farko da gwangwani da sanda da wayar birkin keke ya haɗa ta tun yana yaro. Da suka fara waƙa ba su da kamfanin da zai buga musu faifai, sai ya zama duk wanda ya kawo kaset wanda ba kome a cikinsa su cika masa shi da kiɗa kyauta, shi kuma ya tafi da shi a aljihu, wani ya kwafa daga gare shi, wani ya kwafa daga kwafin, har kaset ɗin ya ratsa Hamada yana shuu saboda yawan juyi. Wannan kaset mai shuu shi ne makarantar da ta yaye makaɗan Kidal da Agadas. Yaro zai kasa kunne ga gutsuren kiɗa, ya tsai da rakoda, ya mai da zaren baya, sau da yawa ma da biro yake juya shi don kada batir ya ƙare, ya lalubi sautin a wuyan jitarsa, ya sake kunnawa, ya sake lalube. Ƙungiyar da ta fara da haka ita ce ta ci lambar Grammy a Amurka a shekarar 2012 da faifanta mai suna Tassili.

A ɓangaren Nijar, marigayi Abdallah Oumbadougou ne babban wanda kasa-kasansa suka yi irin wannan yawo, kuma na bayansa sun sha daga gare shi. Omara Moctar, wanda duniya ta sani da Bombino, an haife shi a 1980 a yankin Agadas, tawayen Abzinawa na 1990 ya sa iyalinsa suka yi hijira zuwa Tamanrasat, can ya fara taɓa jitar da 'yan'uwa suka bari a gida, daga baya kuma shi da abokansa suka riƙa kallon bidiyon Jimi Hendrix da Mark Knopfler suna maimaitawa don su ga inda yatsu ke sauka. Ya kuma zauna a ƙarƙashin wani makaɗi, Haja Bebe, wanda ya sa shi cikin ƙungiyarsa. Ku riƙe wannan, domin zan komo kansa.

Mene ne sirrin da ke cikin wannan hanya? A ganina babbar fa'idarta ita ce faifai ba ya jiran kowa. Mai koyo idan ya zauna shi kaɗai da jitarsa, ba tare da ya sani ba yakan yi wa kansa rangwame: inda ke da sauƙi ya yi gudu, inda ke da wuya ya ja birki, in ya zo sauya yatsu daga wannan damƙa zuwa waccan sai ya tsaya ya gyara zama kamar lokaci nasa ne, in ya yi kuskure kuma ya koma farko, har ya wayi gari ya haddace farkon waƙoƙi goma bai san ƙarshen ko ɗaya ba. Amma ranar da ya kunna faifai ya ce zai bi, duk wannan rangwame ya ƙare, domin mai ganga ba zai dakata masa ba, mawaƙi ba zai waiwayo ba, in ya faɗi sai dai ya kasa kunne ya gane inda aka kai ya sake shiga. Wannan iya sake shiga bayan faɗuwa, ba tare da fuska ta nuna ba, ita ce rabin sana'ar makaɗi a gaban jama'a, kuma ban san wata hanya da ke koyar da ita a cikin ɗaki kamar bin faifai ba. Bayan wannan akwai abubuwan da alƙalami ba ya iya kamawa ko da an rubuta sautukan duka daidai: nauyin hannu, inda ake danne tsirkiya a kashe amonta, inda ake barinta ta yi ta kuka, ɗan jinkirin da gwani ke yi a bayan taki wanda shi ke sa kafaɗar mai sauraro ta motsa. Duk waɗannan ta kunne kaɗai suke shiga. Hausawa sun ce kunne ya girmi kaka, ga shi kuwa yaro a yau yana ɗaukar karatu daga hannun makaɗin da ya rasu tun ba a haifi mahaifinsa ba.

Sai dai kowane aiki yana da sharuɗɗansa, sharaɗin farko a nan kuwa shi ne jitarka da faifan su yi magana da murya ɗaya. Bisa ƙa'idar da aka saba, tsirkiya ta biyar, wadda masu Turanci ke kira A masu Faransanci kuma La, tana karkarwa sau 110 a cikin sakan ɗaya, sauran kuma a kanta ake auna su. Kowane gida da ke tsakanin ƙarafunan da aka gitta a wuyan jita yana ɗaga sauti da misalin kashi 6 cikin 100. Ma'anar wannan ita ce idan batir ya yi sanyi har gudun kaset ya ragu da kashi 6 cikin 100, waƙar gaba ɗaya ta sauka da gida guda, mai koyo kuwa ya yi ta lalube yana zargin kunnensa alhali laifin na batir ne. Wayar hannu ta raba mu da wannan ciwo, amma ba ta raba mu da wani ba, domin makaɗa da yawa da gangan suke sassauta tsirkiyoyinsu: Hendrix kansa yakan sauke duka shidan da gida guda, waɗansu kuma sukan saita jita ta bi muryar mai waƙa ba tare da sun auna da na'ura ba. Saboda haka kafin a fara kome, a nemi sautin da waƙar ke komawa ta huta a kansa, a rera shi da baki, a zame yatsa a kan tsirkiya mai kauri har a ji su biyun sun narke sun zama ɗaya, in kuma sautin ya faɗa tsakanin gida biyu, a juya maɗauran tsirkiya a bi faifan.

Game da abin da za a gabatar da abin da za a jinkirta, masu tarihi sun ruwaito cewa Ziryab, mawaƙin da ya baro Bagadaza ya isa Ƙurɗuba a shekarar 822, yana fara koya wa ɗalibansa taki da kalmomin waƙa, sa'an nan karin waƙar a sauƙaƙe, sai a ƙarshe ya zo kan ado da kwalliya. Shekaru fiye da 1,200 sun wuce, ban ga abin da ya tsufa a wannan jeri ba, kuma abin da ke ba ni takaici shi ne yaranmu kullum daga ƙarshe suke farawa. Yaro ya ji inda gwani ya saki yatsu suna gudu, nan take ya ce wannan zai koya, ya yi wata guda yana fama da shi, alhali in aka ce ya riƙe taki na minti uku ba tare da ya yi gaba ko baya ba, ba zai iya ba. Abin da ya kamata shi ne ya ajiye jitar tukuna ya saurari waƙar da natsuwa har ya iya rera ta ba tare da faifan ba, domin abin da baki ya kasa rerawa yatsu ba za su same shi ba. Bayan nan ya ɗauki jitar, ya shimfiɗa hannun da ke riƙe wuyanta a kan tsirkiyoyi don su yi shiru, ya bi waƙar daga farko har ƙarshe da hannun bugu kawai, kamar mai kaɗa ƙwarya. Wannan aiki ba shi da daɗin ji, maƙwabta za su ce yaron ya rasa abin yi, amma shi ne ginshiƙi. Sai taki ya zauna a hannu ya fara neman karin waƙar, gutsure gutsure, ya kama wuri ɗaya mai wuya ya yi ta maimaita shi daga ɗan gabaninsa zuwa ɗan bayansa, domin a mahaɗa ake faɗuwa. Kiɗan Agadas yana da kirki ga mai farawa ta wannan fuska, saboda yawancinsa a kan sautuka biyar yake yawo, babban yatsa yana ta bugun tsirkiya ɗaya mai kauri daga farko har ƙarshe, sauran yatsu suna saƙa a samanta.

Inda gudun ya fi ƙarfin kunne, sai a rage shi. Mutanen da, masu garmaho mai gudu 33 da 16, sukan mai da faifai kan rabin gudunsa, sautin ya sauka zuwa takwaransa na ƙasa, ya yi kauri amma a gidansa, su tsince shi ɗaya bayan ɗaya. Yau YouTube da waɗansu manhajoji suna rage gudu zuwa kashi uku cikin huɗu ko rabi ba tare da sautin ya sauka ba, ni'imar da makaɗan da suka gabata ba su taɓa mafarkinta ba. A yi amfani da ita, a riƙa ƙara gudun kaɗan kaɗan har a komo na asali.

Wes Montgomery, mutumin Indianapolis ta Amurka, wanda ake lissafa shi cikin manyan makaɗan jita na jaz, sai da ya kusa shekara 20 ya duƙufa a kan jita mai tsirkiya shida, bayan ya ji faifan Charlie Christian, wanda ya rasu a 1942 yana saurayi. Montgomery bai iya karanta rubutun kiɗa ba. Da rana yana aikin ƙarfi don ciyar da iyali, da dare yana zaune da faya-fayen Christian yana kwashe su sauti bayan sauti, har ya kai aikin kiɗansa na farko shi ne a biya shi ya kaɗa abin da Christian ya kaɗa. Akwai wani abu a labarinsa da nake so matasa su ji da kyau: saboda kada ya dami iyalinsa da maƙwabta cikin dare, ya ajiye ɗan abin da ake tsinkar tsirkiya da shi, ya koma shafa ta da tsokar babban yatsa, wannan taushin amo kuwa shi ne ya zama tambarinsa da ake gane shi da shi har yau. Haƙƙin maƙwabci abu ne da addini ya tsananta a kansa, kuma wanda ke koyon kiɗa ya fi kowa bukatar ya kiyaye shi, ya san lokacin barcin mutane da lokacin sallarsu.

Yanzu bari in zo kan illar wannan hanya, domin mai sonta shi ya fi cancanta ya faɗi aibinta. Faifai yana rufa asiri. Idan ka ƙure muryar rakoda kana bi a baya, daɗin da kunnenka ke ji na gwanin ne, amma zuciya sai ta raya maka naka ne, kamar wanda aka goya a keke daga Fagge zuwa Kurmi ya sauka yana ganin ya iya tuƙi. Sautin da ka danne bai fita ba, na gwanin ya fita a madadinsa. Takin da ka saki, mai ganga ya riƙe maka. Maganin wannan yana da ɗaci amma ba shi da tsada: a riƙa rage muryar faifan har ta koma ƙasa da ta jitarka, sa'an nan a kashe shi ɗungum a kaɗa waƙar daga farko zuwa ƙarshe, a ɗauki wannan a waya, a bari sai gobe a saurara da kunnen alƙali. Wanda ya jure jin kansa haka sau ɗaya a mako zai ci gaba fiye da wanda ya kwana yana bin faifai yana murmushi. Kuma rabin sa'a kowace rana ya fi yini guda a mako, domin malaka da maimaici take kafuwa, kan yatsu ma ba sa yin kanta sai da yau da gobe. In kuwa zafin ya bar kan yatsa ya koma wuyan hannu, a ajiye jitar a huta, wannan ba zafin koyo ba ne.

Illa ta biyu ta fi ta farko zurfi, ita ce mutum ya dawwama a kan taƙalidi. Ban yarda da masu cewa kwaikwayo yana kashe basira ba. Duk waɗanda na ambata da kwaikwayo suka fara, babu kuma wanda ya fito yana kama da wanda ya kwaikwaya, saboda kowannensu ya zo da abin da ke kunnensa tun daga gida. Ali Farka Touré na Niafunké ya riga ya iya kayan kiɗan ƙasarsu masu tsirkiya ɗaya kafin ya ga Keita Fodeba na Gini yana kaɗa jita a 1956, da ya samu jitar kuwa sai ya juye mata abin da ya sani. Mdou Moctar, wanda ganin wasan Abdallah Oumbadougou ya sa ya haɗa jitarsa ta farko da wayar keke, ya cika kunnensa da kiɗan takamba da sauran kiɗan Abzinawa, kuma a Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko, Anar, a 2008, da salon waƙoƙin Hausa na zamani a jikinsa, waƙoƙin suka yi ta yawo daga waya zuwa waya ta Bluetooth har suka ƙetare teku. Fatou Seidi Ghali ta ƙauyen Illighadad a kan jitar wanta ta koya, ta zo ta gama ta da tende, kiɗan turmi na matan Abzinawa. Wanda ke cikin hatsari shi ne wanda ya liƙe wa gwani ɗaya tak, kunnensa kuma babu kome na gida. Don haka nake roƙon ɗan Bahaushe mai koyon jita, bayan ya bi Tinariwen da Hendrix, ya kunna kuntigin Ɗan Maraya Jos, ya kunna garaya da gurmi da goge, ya nemi waɗannan sautuka a wuyan jitarsa. Zai tarar waɗansunsu sun ƙi zama daidai a kan ƙarfe, sai ya ja tsirkiya ko ya zame yatsa kafin ya kusance su, kuma a wurin wannan fama ne hannunsa zai fara zama nasa.

Na ce zan komo kan Bombino da Haja Bebe. Duk yawan bidiyon da yaron ya kalla, sai da ya shiga cikin mutane masu rai ya tsaya a gefen babba, domin akwai karatun da faifai ba shi da shi. Faifai yau da gobe abu ɗaya yake faɗi, makaɗi mai rai kuwa yana ƙara wuta idan masu rawa sun zafafa, yana tsawaita baiti idan jama'a sun karɓa, yana yi maka ishara da ido ko da wuyan jita cewa za a juya. Saboda haka da zarar mai koyo ya iya waƙa uku ko huɗu daga farko har ƙarshe, kada ya jira sai ya zama gwani. Ya nemi aboki ko da mai tafi ne ko mai ƙwarya su zauna tare, in kuma Allah ya haɗa shi da ƙungiya irin waɗanda ke kiɗan biki a Agadas, ya karɓi jita ta biyu da hannu biyu, ya riƙe wa na gaba taki har a tashi daga wasa, ko da ba a ba shi fili ya saki yatsu ba ko sau ɗaya.